Yadda ake haɗa komin masu kama da juna su zama shiyya ɗaya, da misalin jihar Tawa

Jihar Tawa gunduma 12 gare ta, tun daga Ƙonni da Malbaza da Madawa a kudu har Tasara da Tiliya can arewa, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san iyakar gunduma an ja ta ne don mulki, ba don ruwan sama ko irin ƙasa ko abin da mutane ke ci da shi ba. Mai garkar albasa a Galmi da mai gonar hatsi bisa tudu suna iya zama gunduma ɗaya amma buƙatunsu ko kusa ba su haɗu ba. Toh idan kai ɗalibi ne mai rubuta memuwar, ko ma'aikacin gona, ko kana cikin wani furoje da aka ce ku raba jiha shiyya-shiyya don tsara taimakon iri ko abincin bisashe, akwai hanyar lissafi da za ta nuna maka waɗanne komin ne suka yi kama da juna, ba wai ka ɗauki biro ka ja layi da ka ba. Ga yadda ake yi daki-daki, kuma kayan aikin su ne QGIS da GeoDa na aikin taswira da R na lissafi, ukun nan kyauta ne, sai Excel.

Kafin ka buɗe kwamfuta ma, ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya. Kama a wane fanni? Komin biyu suna iya yin kama a ruwan sama su bambanta a yawan lakwal da asibiti. Shiyyar da za ta yi wa mai rabon iri amfani ba ita ce za ta yi wa mai tsara rigakafin yara ba. A nan misalina shi ne hanyar samun cimaka: noman damana, noman rani, kiwo, kasuwa. Duk abin da bai shafi wannan tambaya ba ba zai shiga tabulo ba ko da kuwa kana da alƙalumansa a hannu.

Na biyu, ka zaɓi abin da za ka jera. Nijar na da gunduma 63 tun gyaran 2011, idan ƙasa baki ɗaya za ka yi to gunduma ta isa. Amma ga jiha ɗaya 12 sun yi kaɗan, lissafi ba shi da abin da zai gaya maka wanda ido bai gani ba, don haka sai ka sauka matakin komin, Tawa na da arba'in da ɗoriya. Taswirar iyakokin tana nan a shafin HDX na OCHA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara ayyukan jinƙai, kowace komin da lambarta. Don Allah ka riƙe wannan lamba, da ita za ka haɗa tabulo da taswira, ba da suna ba. Wani ya rubuta Konni, wani Birni N'Konni, wani Tchintabaraden wani ya raba shi gida biyu da ɗan layi a tsakiya, kwamfuta kuwa harafi ɗaya ya bambanta sai ta bar maka wurin fayau babu komai.

Yanzu ga inda aikin yake da nauyi, zaɓen ma'aunai. Nan nake so ka daɗe, don duk abin da zai fito a ƙarshe daga nan ya samo asali. Tabulonka layi ɗaya komin ɗaya, kowane ginshiƙi kuma ma'auni ɗaya. Yawan jama'a daga INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ƙidayar 2012 ita ce ta ba da mutum miliyan 17 da ɗoriya a ƙasa, jihar Tawa sama da miliyan 3, ta kwana biyu amma har yanzu ita ce tushen da ake ɗora hasashe a kai. Ruwan sama ko dai daga ma'aikatar yanayi ta ƙasa da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, ko kuma CHIRPS, wanda ake haɗawa daga tauraron ɗan adam da ma'aunan ƙasa, ya faro tun 1981 kuma kowane ɗan murabba'i nasa kamar kilomita 5 ne. Ka ɗauki shekaru 30, misali 1991 zuwa 2020, kar ka ɗauki damana ɗaya. Sannan ruwan ka fitar masa da ma'auni biyu, matsakaicin shekara da kuma yadda yake tsalle daga shekara zuwa shekara, don manomi ya fi tsoron na biyun. Koren ƙasa a ƙarshen damana kana samunsa daga NDVI, ma'aunin koren tsirrai da ake fitarwa daga hotunan tauraron ɗan adam na MODIS. A QGIS akwai abin da ake kira Statistiques de zone, ka ba shi hoton ruwan da taswirar komin, shi zai fitar maka da matsakaicin kowace komin. Farashin hatsi daga SIMA, na bisashe daga SIM Bétail, wato ma'aikatun da ke bin farashin kasuwanni, amfanin gona daga ma'aikatar noma, nisan gari da kwalta ko da babbar kasuwa irin ta Badagishiri wannan kai da kanka za ka auna a taswira.

Doka ɗaya da ba a karyawa: kar ka sa jimilla, ka sa kaso. Ba yawan shanu ba, shanu nawa ga mutum ɗari. Ba hekta nawa ake noman rani ba, kashi nawa cikin ɗari na filin noma. Ba yawan jama'a ba, mutum nawa a kilomita murabba'i. In ka sa jimilla, abin da lissafin zai yi kawai ya ware maka manyan komin gefe ɗaya ƙanana gefe ɗaya, wannan kuwa ba sai da kwamfuta ba. Cunkoson jama'a kuma yana da wata matsala, a Tasara mutane ƙalilan ne cikin fili mai faɗin gaske, a birnin Tawa kuma an cushe, tazarar ta yi yawa har ta danne sauran, sai ka ɗauki logaritim ɗinsa, a Excel =LN() kawai, ya ja wutsiyar ta dawo kusa. Ni a ganina birnin Tawa ma cire shi ya kamata ka yi tun farko ka ajiye shi rukunin kansa, tunda tambayarmu ta karkara ce.

Inda babu alƙalami ka bar wurin babu komai, kar ka sa 0. Sifili na nufin an auna an tarar babu, rashin alƙalami na nufin ba a auna ba, kuma a arewa ne aka fi samun wannan giɓi, in ka cike shi da sifili ka mayar da makiyaya marasa dabba kenan a kan takarda. Idan ma'auni ya rasa alƙaluma a komin da yawa ka haƙura da shi gaba ɗaya. In ɗaya ko biyu ne sai ka cike da matsakaicin maƙwabtansu kuma ka rubuta cewa haka ka yi. Wani ƙaramin abu mai cin rai: Excel na faransanci yana raba ginshiƙai da ; kuma yana rubuta 12,5 maimakon 12.5, in ka kai fayil ɗin CSV cikin R da read.csv sai ka ga ginshiƙan sun rikice, read.csv2 ake amfani da shi.

Ma'auni 6 zuwa 10 sun isa ga komin arba'in. Kuma ka duba ko wasu ba abu ɗaya suke faɗa ba. Ruwan sama da koren ƙasa da amfanin hatsi a hekta, a jiharmu ukun nan tare suke tafiya daga kudu zuwa arewa, in ka zuba su duka ka ƙirga ruwa sau uku kenan, noman rani kuma sau ɗaya, sai taswirarka ta fito layi-layi kwance kamar taswirar ruwan sama, fadamun Majiya da Tarka su ɓace. Ka fitar da tabulon dangantaka tsakanin ma'aunai, duk biyun da suka wuce 0.8 ka ajiye ɗaya. Ko kuma ka bi ta ACP, wadda ke matse ma'aunai masu maimaita juna su koma ƴan ginshiƙai kaɗan, sai ka riƙe na farko-farko da suka ɗauke kamar kashi 75 ko 80 na bambancin. A R akwai FactoMineR, mutanen Rennes ne a Faransa suka yi shi, kuma bayaninsa na nan da faransanci.

Mataki na gaba gajere ne amma wanda ya tsallake shi ya yi aikin banza: daidaita sikeli. A ce komin biyu, ɗaya ruwanta milimita 450 ɗaya 400, bambanci 50. A ce kuma kason filin noman rani a ta farko 2 ne cikin ɗari a ta biyu 20, bambanci 18. Kwamfuta za ta ga 50 ta fi 18 ta ce ruwa ne babban bambanci, alhali kai ka san na biyun shi ne ya raba rayuwarsu. Kamar mai haɗa lissafin dala da na jaka ne bai mayar da su kuɗi ɗaya ba. Maganin shi ne kowane ginshiƙi ka cire masa matsakaicinsa ka raba da gwargwadon warwatsuwarsa, a Excel =(B2-MOYENNE(B$2:B$45))/ECARTYPE(B$2:B$45) sai ka ja shi ƙasa, a R kuma scale() kawai. Bayan haka 0 na nufin daidai da matsakaicin jiha, 1 na nufin sama sosai, -1 ƙasa sosai, kowane ma'auni kuma muryarsa ɗaya da ta ɗan uwansa.

Daga nan ake auna tazara tsakanin kowace komin da kowace. Ba tazarar hanya ba, tazarar kama. A ce bayan daidaitawa komin A na da 1.5 a ruwa da -0.5 a kiwo, B na da 0.3 da 0.4. Bambancin farko 1.2, na biyu 0.9, ka ninka kowane da kansa ka samu 1.44 da 0.81, ka haɗa 2.25, saiwarsa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 2.25, ita ce 1.5. Shi kenan tazararsu. Kwamfuta ita ke yin wannan ga duka, amma yana da kyau ka yi ɗaya da hannu don ka san abin da ke faruwa ciki.

Toh sai haɗawar kanta. Ni ina ba da shawarar ka fara da ta hawa-hawa, wadda malamai ke kira CAH, da ƙa'idar Ward, wanda ya fito da ita a 1963. Tana farawa kowace komin rukunin kanta, sai ta haɗa biyun da haɗuwarsu ba za ta ƙara bambanci cikin rukuni da yawa ba, ta sake, ta sake, har kowa ya koma rukuni ɗaya. A R layi biyu ne, h <- hclust(dist(z), method="ward.D2") sannan plot(h), z ɗin nan kuwa shi ne tabulonka da ka daidaita. Za ka ga icce da rassansa, inda reshe ya yi tsawo kafin ya haɗu da wani, nan ne aka tilasta wa abubuwa biyu mabambanta zama tare, ƙasa da wurin kaɗan za ka yanke, cutree(h, k=4) in huɗu kake so. Abin da nake so da ita shi ne kana ganin wa ya fara haɗuwa da wa, kana iya tambayar kanka ko hakan ya shiga hankali.

Ta biyu k-means, ita kai ne za ka gaya mata rukuni nawa tun farko. Tana dasa cibiyoyi, kowace komin ta bi cibiyar da ta fi kusa da ita, a sake lissafa tsakiyar kowane rukuni, a sake rabawa, har abin ya tsaya cik. Rauninta shi ne inda aka dasa cibiyoyin farko yana iya canza sakamako, saboda haka kar ka yi sau ɗaya, kmeans(z, centers=4, nstart=50) zai gwada sau 50 ya riƙe mafi kyau. Idan hanyoyin biyu sun ba ka kusan abu ɗaya, hankalinka ya kwanta. Komin da suka yi ta sauya gida tsakanin hanyoyin biyu ka rubuta sunayensu gefe, su ne na kan iyaka, za mu dawo kansu.

Rukuni nawa? Babu lambar da ta sauko daga sama. Ka gwada daga 2 har 8, kowane ka duba kason bambancin da ke tsakanin rukunai cikin jimillar bambanci, GeoDa na rubuta maka shi a ƙarshen rahoto. Kullum yana ƙaruwa in ka ƙara rukuni, abin dubawa shi ne inda ƙaruwar ta fara ja da baya. Akwai kuma ma'aunin silwet na Rousseeuw, 1987, yana ba kowace komin maki daga -1 zuwa 1, na kusa da 1 ta zauna daram a rukuninta, na ƙasa da sifili ta fi kama da rukunin maƙwabta. Amma bayan duk wannan ka tambayi wanda zai yi aiki da taswirar, in tsari iri huɗu kawai furojen zai iya ɗauka, shiyya tara ba ta da amfani komai kyawun makinta. Kuma ka sani, hanyoyin nan ko alƙaluman bogi ka zuba musu sai sun ba ka rukunai masu launi, fitowar taswira ba shaida ba ce cewa akwai gaskiya a ciki.

Yanzu ka kai sakamakon QGIS, ka haɗa ta lambar komin, ka ba kowane rukuni launi. Sau da yawa za ka ga wata komin can gefe ta ɗauki launin waɗanda ke nesa da ita, misali wadda ke da tafki da garake kamar Tabalak ta yi kama da na fadamun kudu alhali kewaye da ita ƙasar kiwo ce. Nan sai ka yanke shawara. In iri-irin komin kake nema, bar shi haka, wannan ma labari ne mai daraja. In kuma shiyya kake nema wadda za a naɗa mata shugaban aiki da mota da sito, dole ta zama a haɗe. Don wannan sai ka koma GeoDa, ka fara gina fayil ɗin maƙwabtaka, ka zaɓi Queen, wato duk komin biyu da iyakarsu ta taɓa ko da a kusurwa ce maƙwabta ne, sannan a cikin Clusters ka ɗauki SKATER. Ita tana ɗaura zare tsakanin maƙwabta kawai, ta bi hanyar da tazarar kama ta fi gajarta har ta haɗe jihar duka, sannan ta tsinke zaren a wuraren da bambanci ya fi girma. Kana iya sa mata sharaɗi kuma, kar wata shiyya ta gaza mutum kaza. Ka sa ran kason nan na bambanci tsakanin rukunai zai sauka, kuɗin haɗewar kenan, ka kwatanta da na k-means ka ga nawa ka biya. In ya faɗi sosai, ma'anarsa ƙasar ba ta yarda da shiyyoyi a haɗe ba, gara ka faɗi haka a rahoto da ka tilasta.

Sai karanta rukunai da sa musu suna. Ka fitar da matsakaicin kowane ma'auni a kowane rukuni, da ainihin alƙaluma ba na daidaitawa ba, milimita da kaso, don mai karatu ya gane. Sunan ya fito daga tabulon, kamar shiyyar kiwo, shiyyar noma da kiwo, tudun hatsi da wake, fadamun noman rani, kar ka bar su rukuni 1 rukuni 2, kuma kar ka sa suna mai zubar da mutunci irin su shiyyar talakawa, hukumomin komin za su karanta. Ka ɗora sakamakonka kan abin da aka riga aka sani: iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta ja, taswirar hanyoyin rayuwa ta FEWS NET, masu sa ido kan barazanar yunwa, yankin Adar Dutsi Majiya inda aikin Keita ya fara gyaran ƙasa a 1984. Ba dole su yi daidai ba, gonaki sun daɗe da haura layin 1961, amma inda kuka saɓa sai ka iya faɗin dalili. Ka kula da ruɗin ido ma, komin na arewa manya ne a taswira har launinsu ya cinye rabin takarda, don haka kusa da kowane suna ka rubuta yawan mutanen shiyyar.

Gwaji na ƙarshe a kwamfuta shi ne ka girgiza aikin ka ga ko zai tsaya. Cire ma'auni ɗaya ka sake, mayar da shi ka cire wani. Yi da alƙaluman shekarun da damana ta yi kyau, ka sake da na shekarun fari irin 2004 da 2009 da 2011. Komin da ba ta motsa ba ko yaya aka juya, ita ce zuciyar shiyyarta. Waɗanda ke yawo kuma, tare da waɗancan da ka rubuta gefe, ka yi musu zane-zane a taswira a matsayin na tsakani.

Daga nan ka buga taswirar a babbar takarda ka kai wa malaman gona da na dabbobi na gundumomi, da wakilan makiyaya da na masu garka, ka ce su nuna maka inda ba daidai ba. Su ne za su gaya maka cewa komin kaza rabinta fadama ce rabinta dutse, matsakaicin da ka lissafa bai yi kama da ko ɗaya daga cikin rabin biyun ba, ko kuma cewa abin da ke riƙe da gidaje a wani yanki kuɗin ƴan ci-rani ne daga Abijan da Libiya da Najeriya, abin da babu shi a tabulonka sam. Idan irin komin nan masu fuska biyu sun yi yawa, sai ka sauka ƙasa da komin, ka yanka jihar murabba'i-murabba'i na kilomita 5 ko 10 ka sake lissafin da ma'aunan tauraron ɗan adam kawai, sannan ka duba kowace komin kashi nawa nata ya faɗa kowane rukuni. Duk gyaran da ka yi da hannu bayan zaman nan ka rubuta shi a rahoto, wace komin ka matsar, daga ina zuwa ina, da dalilin da aka ba ka, ka ajiye tabulon asali da layukan R ɗinka a wuri ɗaya don in sabbin alƙaluman ƙidaya sun fito a sake aikin ba tare da an faro daga tushe ba.